Mas'uda Mai Murɗa Makulli

Mma Mas'uda ta unguwar Maamobi a ƙasar Gana ba ta taɓa tuƙa mota ba, ko da taku ɗaya. Amma ta fi shekara arba'in tana zama a kujerar direba kusan kowace safiya, kuma da za a tara makanikan Nima a rufe musu ido a tayar da tsohon inji a gabansu, ita za ta riga su faɗin abin da ke damunsa.

A Nima aka haife ta, tun unguwar na da sauran fili, awaki na kiwo a tsakanin gidaje. Ubanta Basakkwace ne mai fataucin goro, uwarta 'yar ƙabilar Kotokoli mai koko da ƙosai. Ta auri Moro direba a shekarar da Gana ta sauya tuƙi zuwa hannun dama, shekarar da direbobi suka yi ta karo da juna kamar raguna. Moro Bazabarme ne, dogo, maganarsa kaɗan, taurin kansa da yawa. Bayan shekara biyu da auren ya sayi Fijo 404 a hannun wani malamin makaranta da zai koma ƙasarsu. Fara ce, giyarta a jikin sitiyari. Ya sa aka shafa wa kafaɗunta huɗu fenti ruwan ɗorawa, ta zama tasi.

Moro ba ya yarda kowa ya taɓa masa inji, kuma ba ya ɗaukar yaron mota. Amma mutum ɗaya ba zai tsaya a gaban inji ya kuma murɗa makulli a lokaci guda ba. Saboda haka da an idar da sallar asuba, Mas'uda ta ɗora tukunyar wake da shinkafar da take sayarwa, sai ta goge hannu a zani ta shiga mota. Shi yana gaba, ya ɗaga bonet, ba ta ganin komai nasa sai hularsa.

"Buga!"

Ta murɗa.

"Saki! Taka totur. Kaɗan, Mas'uda, ba fufu kike daka ba."

"To ka faɗa mata ta tashi mana, Direba. Wutata na cinyewa."

Haka suka rayu. Ba ta taɓa sanin sunayen rabin abubuwan da ke cikin injin ba, don bonet ya tare mata gani. Da kunne ta koya. Moro yana da ƙa'ida ɗaya da yake maimaitawa kamar karatun allo: mota tambaya uku ake mata, kuma a jere. Ta juya? Ta ga wuta? Ta sha mai? Wanda ya yi tambaya ta uku kafin a amsa masa ta farko, shi ne makanikin da ke kwance inji lafiyayye.

A shekarar yunwa, tamanin da uku, fetur ya zama kamar zinariya. Direbobi na kwana biyu a layi don galan biyu, kayan gyara kuwa ko a Abossey Okai, kasuwar da aka ce ba a rasa komai na mota, sai ka tarar da kanta wayam. A lokacin ne Moro ya koyi dabarun da babu su a littafi. Da gefen kwalin ashana yake goge kwantak, wato 'yan ƙarafunan nan biyu da ke haɗuwa su rabu su ba filogi wuta. Da sabulun sanda da sukari ya taɓa liƙe tankin da dutse ya huda a hanyar Nsawam, ya kawo fasinjojinsa gida. Kuma tun daga wannan shekara bai sake barin tankinsa ya sauka ƙasa da rabi ba. Wanda ya sha yunwa ba ya son ganin gindin tukunya.

Da ƙananan motoci suka cika gari, fasinja suka fara yi wa Fijon dariya, sai ya cire ta daga haya ya mayar da ita fara fat. Ta koma ɗauko buhunan shinkafa da wake daga Kasuwar Malam Atta. Ita ce ta kai rabin matan layin asibiti da naƙuda, ita ce ta raka alhazai filin jirgi, kuma da yawa daga cikin mutanen da yau ke da furfura a Maamobi sun taɓa shan mari a hannun Moro don sun zana suna da yatsa a ƙurar gilashinta.

Moro ya rasu shekara uku da suka wuce. Ya kwanta ran Talata, aka binne shi ran Asabar. Bayan sadakar arba'in, autansu Saddique, wanda ke aiki a tashar jiragen ruwa ta Tema, ya fitar da motar sau biyu. Duka biyun ta yi tafiya kaɗan ta mutu a titi, sai da samari suka turo ta gida. A karo na biyu ya jefa makullin a kan tabarma ya ce, "Mma, motar nan ta bi mai ita." Tun daga ranar take tsaye a tsakar gida, tayoyinta suka kwanta, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin ƙwai.

Wata Litinin da yamma Saddique ya zo ya tsuguna a gaban uwarsa yana murza hula. Shi da matarsa da 'ya'ya uku a ɗaki ɗaya suke. Ya tara bulo, ya yi magana da magini, kuma ba wani fili a gidan sai inda motar take. Motar jan mota ba za ta iya shigowa lungun ba, don shagunan katako da na kwantena sun cinye shi daga hagu da dama. Saboda haka ya kira masu sayen tsohon ƙarfe daga unguwar Old Fadama. Ran Asabar da safe za su zo da wutar yanka, su daddatsa ta a inda take, su kwashe a baro.

Mas'uda ba ta yi masa faɗa ba. Fili na masu rai ne, ta san da haka, kuma ta ga jikokinta suna kwana kamar kifin gwangwani. Amma ta taɓa tsayawa ta kalli yadda mutanen nan suka yi da tsohuwar bas ɗin wani maƙwabci. Kafin azahar ba abin da ya rage sai baƙin mai a ƙasa.

"Ka yi gininka, Auta," ta ce. "Amma ba za a yanka ta a gabana ba."

"To ina za mu kai ta, Mma? Wa ke son ta?"

Akwai mai so, ashe. Alu ne ya faɗa. Alu makaniki ne mai shekara hamsin da wani abu, garejinsa na bakin titin Nima, kuma tun yana saurayi yake cin wake da shinkafar Mas'uda. Ya ce akwai wani Basit a Abossey Okai da ke tara tsofaffin motoci, yana gyara su yana ba da haya ga masu biki da masu ɗaukar hoto. Aka kira shi a waya. Basit ya ce ya gaji da sayen gawa da sunan mai barci. In motar ta zo wurinsa da ƙafarta, zai karɓa ya riƙe ta da mutunci. In jan ta za a yi, a kai wa masu ƙarfe. Kuma ran Juma'a da an sauko daga masallaci zai wuce Kumasi, sai bayan mako biyu.

Ran Talata da hantsi Alu ya shigo da akwatin kayan aiki da batir na aro. Ya zagaya motar yana kaɗa kai.

"Ei, Mma. Ni fa yanzu na'ura nake jonawa, ita ce ke faɗa mini ciwon mota. Wannan ina zan jona?"

"Ka jona kunnenka, Masta Alu. In ba ka da shi, ga nawa."

A ba Alu haƙƙinsa, ya san aikinsa. Bai bari a taɓa makulli ba sai da ya cire filogi huɗun ya zuba ɗan mai a kowane rami, ya juya injin da hannu har ya ji ya saki. Ya sauya baƙin mai. Sannan ya ɗaura batir. Mas'uda ta kori kaza daga kan kujera, ta kakkaɓe, ta zauna. Kujerar na nan da lotsawarta, daidai jikinta.

"Buga, Mma."

Ta murɗa. Ƙas. Ta sake. Ƙas.

"Sitata ta mutu," in ji Alu. "Sai na ciro na kai Abossey Okai, in ma za a samu irinta."

"Ba ta mutu ba. Matacciya shiru take yi. Wannan ƙas ɗin na mai jin yunwa ne. Kunna fitila ka tsaya a gaba ka gani."

Ta jawo maɓallin fitila da kanta, ta murɗa makulli. Fitilun suka dushe kamar aci-balbal da iska ta kaɗa. Alu ya leƙa cikin inji. Ya bi babbar wayar da ta tashi daga batir ta kama jikin mota, ya tarar da bakinta ya yi kore shar, tsatsa ta cinye rabin zaren. Wutar na fita daga batir, amma ba ta da hanyar komawa. Mas'uda ta sa aka kawo ruwan zafi daga madafa aka kwara, Alu ya kankare wurin har ƙarfen ya yi fari, ya yanke ruɓaɓɓen bakin ya ɗaure sabo.

Ta murɗa. Ƙas, sannan wani gurnani gajere.

"Ɗauki guduma ka ƙwanƙwasa mata baya," ta ce. "Sau biyu. A hankali, ba ɓarawo ka kama ba."

Ya ƙwanƙwasa. Ta murɗa, sai injin ya juya, da nauyi da farko kamar tsoho na tashi daga tabarma, sannan ya saki jiki. Bai kama ba, amma ya juya. An amsa tambaya ta farko.

Laraba ranar wuta ce. Alu ya zare filogi ɗaya ya jingina shi da jikin inji, ta buga, ba ko ƙyalli. Ya buɗe kan distirbuta, inda wayoyin filogi ke haɗuwa, ya tsaya yana kallon ciki yana sosa ƙeya. Ya ce rabonsa da taɓa kwantak ya kai shekara ashirin.

"Ka samo kwalin ashana," ta ce daga cikin mota.

"Ashana kuma? Ga fetur, Mma!"

"Kwalin na ce, ba tsinken ba. Yage gefen da ake ƙyastawa, ka sa a tsakanin bakinsu ka goga. In ka gama, kaurin kwalin shi ne tazararsu. Haka baban yara ke yi."

Ya yi yana gunaguni. Har yanzu ba wuta. Sai ta ce a buɗe but, a ɗaga tayar ajiya. A ƙarƙashi akwai gwangwanin biskit da Moro ke ɓoye ƙananan kaya, kowanne a naɗe cikin tsumma. Alu ya bincika ya fito da kwandensa, wani ɗan abu kamar guntun rake, sabo fil, wanda wataƙila ya girmi 'ya'yansa. Ya ɗaura.

"Riƙe wayar filogin da hannu," in ji Mas'uda. "In ta cije ka, akwai wuta."

"Yoo, Mma, ni za ki yi wa wannan? Na san..."

Ta murɗa kafin ya ƙarasa. Alu ya yi tsalle ya buga ƙeya da bonet, ya saki wata kalmar yaren Ga da ba a faɗa a gaban manya.

"Akwai wuta," ta ce, ta zare makulli.

Alhamis aka shiga maganar mai. Fetur ɗin da ya shekara uku a tanki ya koma ja, yana wari kamar tsohon fenti. Alu ya sauke tankin ya wanke, ya hura bututun da ke kai mai gaba, ya kwance kafireta ya wanke ta ƙwaya-ƙwaya a cikin kwano. Da la'asar ya rataya galan a jikin bonet ya saka tiyo daga ciki zuwa famfon mai, don a gwada injin shi kaɗai.

"Bismillah. Buga."

Ta jawo cok, ta taka totur sau ɗaya ta saki, ta murɗa. Injin ya juya, ya yi tari, ya yi atishawa, salansa ta tofar da baƙin hayaƙi da busasshen gidan zanzaro, sannan ya kama. Kaji suka watse. Mata suka fito daga ɗakuna da ludayi a hannu. Wani tsohon tela da ke bayan katanga ya leƙo yana tambaya ko Moro ne ya dawo, aka ce masa ya yi istigifari.

Ana ta sowa, Mas'uda na zaune ta karkata kai gefe.

"Filogi ɗaya na ɗingishi," ta ce. "Na ukun nan. Danna wayarsa."

Alu ya danna, muryar injin ta daidaita. Wannan muryar ce ta tashi 'ya'yanta shida zuwa makaranta. Ta bar ta tana yi na ɗan lokaci, hannunta a kan sitiyari tana jin rawarsa, sannan ta kashe, don fetur ba ruwan famfo ba ne. Alu ya mayar da tiyo kan tanki, ya zuba galan ɗaya, suka sake tayarwa ta yi minti goma lafiya lau. Kafin magariba an sa mata tayoyi na hannu, an gyara burki.

Ran Juma'a da ƙarfe tara suka fito. Sai da aka ɗage teburin mai dokunu, wato kenke, aka naɗe rumfar mai aski, mutum huɗu na ba da hannu, kafin motar ta kuɓuta daga lungun da 'yar ƙujewa a kafaɗar hagu. Alu ke tuƙi, Saddique na baya, Mas'uda na gaba da farin mayafinta na zuwa suna. A gidan mai na farko ta ce a tsaya a cika tanki.

"Mma, Abossey Okai ne fa, ba Tamale ba," in ji Saddique. "Galan biyu ya isa."

"Babanka bai taɓa fitar da ita da yunwa ba. Ba kuma za ta je gidan wani a ce mun kawo ta ba ko guzuri. A cika."

Saddique ya sauka ya tsaya aka cika, ya murɗa murfin ya rufe gam.

Suka bi titin Nima a hankali. A bakin kasuwa dattawa suka miƙe daga benci suna nunawa, wani ya ɗaga hannu biyu yana kiran sunan Moro. Samarin da ke kan babura suka bi su suna ɗaukar hoto da waya. Mas'uda ba ta ɗaga wa kowa hannu ba. Tana kallon gine-ginen da suka tsiro a wuraren da ta sani da bishiyoyi, tana gane kowane kwana da yadda motar ke karkata.

Sun hau babban titi sun nufi shataletalen Sakul ke nan, injin ya yi shaƙuwa. Ya ja, ya saki, ya sake ja, ya mutu. Alu ya gangara da ita gefe, direbobin trotro, ƙananan bas na haya, na zaginsu da harsuna uku.

"Ga shi nan," in ji Saddique. "Daidai abin da ta yi mini. Sau biyu."

Alu ya buga, ta juya ba ta kama ba. Ya fita ya ɗaga bonet ya kama wayoyi.

"Bar wayoyin nan," in ji Mas'uda. "Wuta in ta ɗauke, lokaci guda take yankewa. Wannan ta roƙa kafin ta mutu. Ƙishirwa ce."

"Ƙishirwa da cikakken tanki, Mma?"

Suka jira minti biyar, ya buga, ta tashi. Ba su kai tsawon filin ƙwallo uku ba ta sake shaƙewa ta tsaya, wannan karon kusa da gada, rana ta take. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce. Alu ya zare tiyon da ke shiga famfo, ya girgiza, ko ɗigo. Saddique ya fito da wayarsa yana jujjuya ta a hannu.

"Mma," ya ce a hankali, "daga nan masu ƙarfen sun fi kusa. In na kira su za su zo su ja ta. Ba sai an yanka a gabanki ba."

Mas'uda ta dubi ɗanta. Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ta roƙa ke nan tun farko. Amma jiya ta ji motar nan ta yi magana da muryarta, kuma ba a kai mai magana maƙabarta.

"Jiya daga galan ta sha lafiya," ta ce da Alu. "Yau daga tanki ta ƙi. To ba bakinta ba ne, ba cikinta ba ne. Tsakanin tanki da nan ne."

"Na wanke tanki. Na hura bututu." Alu ya share gumi. "Bari in sake hurawa. Kai, Saddique, je ka buɗe murfin tanki ka sa kunne, in ka ji ƙulu-ƙulu ka faɗa mini."

Saddique ya zagaya baya ya kama murfin, ya ƙi murɗuwa. Ya sa hannu biyu. Mas'uda ta fito tana tattare mayafi, ta ture shi, ta naɗe hannu da gefen zani ta danna ta murɗa. Murfin ya saki, sai tankin ya ja iska da wata doguwar ƙara, fiiiu, kamar mutumin da aka daɗe da toshe wa hanci. Har ƙarfen tankin ya yi ɓam daga ƙasa.

Alu ya ji daga gaba. Ya zo da gudu ya karɓi murfin ya juya shi a rana. A tsakiyarsa akwai wani busasshen abu fari-fari, ya yi tauri kamar siminti, a gefen kuma an yanka robar tsohon tub an zagaye shi da ita.

"Nan huji ne fa!" ya ce. "Ta nan tanki ke numfashi. Mai na fita, iska na shiga. In an toshe, famfo zai ja ya ja har ya gaji. Jiya tankin kusan duk iska ne, shi ya sa ba ta nuna ba. Yau da aka cika, ba sauran wuri. Ni ma na riƙe murfin nan jiya ban duba ba, motocin yanzu ba su da wannan. Wane ɗan iska ne ya liƙe shi?"

Mas'uda ta kalli murfin. Ta san shi sarai.

A cikin takaba ne, kafin sadakar arba'in. Da rana tsaka takan zauna a inuwar motar, don ɗakin ya yi mata faɗi. Kullum rana ta yi zafi sai ta ji warin fetur. Ta bi warin da hanci har bayan mota, ta ga ɗan huji kamar na allura a murfi. Moro ya cika tankin nan kwana biyu kafin ya kwanta, shi ne fetur na ƙarshe da ya saya, ga shi rana na shanye shi kaɗan-kaɗan ta wannan huji. Ta ɗauko sabulun sanda da sukari ta kwaɓa kamar yadda ya ba ta labarin hanyar Nsawam sau ɗari, ta liƙe, ta ƙara da roba don kada ko ƙamshi ya fita. Warin ya ɗauke, ta ji daɗin aikinta. Shekara arba'in tana gaban mota, a kujera ɗaya. Abin da ke bayan motar ba ta taɓa jin ƙararsa ba, don haka ba ta san shi ba.

"Ni ce 'yar iskar," ta ce.

Alu ya sunkuyar da kai. "Mma, wallahi ban..."

"Ka faɗa daidai. Garin neman gira na tsone ido." Ta juya ga ɗanta. "Shekara uku kana zagin motar babanka, ni kuma ina jin haushinka ina cewa ba ka iya tuƙi ba. Ba laifinka, ba laifinta. Mayar da wayar nan aljihu."

Ta zare fil daga mayafinta, ta zauna a bakin kwalbati ta shiga sakace hujin. Sabulun ya yi gardama, ya fita gari-gari. Ta cire robar ta jefar, ta ɗaga murfin sama ta ga ɗigon rana ta cikinsa, ta hura, ta miƙa wa Alu.

Sai da ya buga sau huɗu kafin famfo ya jawo mai. Daga nan ba ta sake tari ba. Suka ratsa cunkoson Sakul, suka shiga Abossey Okai ana kiran farko na sallar Juma'a, masu shaguna na jawo ƙofofi. Basit gajeren mutum ne mai tumbi, ya riga ya sa farar rigarsa ta masallaci. Ya zagaya motar sau biyu, ya leƙa ƙarƙashi ba tare da ya bari rigar ta taɓa ƙasa ba, ya shiga ya kashe, ya tayar, ya kashe, ya tayar.

"Kada ka taka mata totur kafin ta kama," in ji Mas'uda ta taga. "Ba ta son a yi mata gaggawa."

"To, Hajiya."

"Ban je ba tukuna. Mma ake ce mini. Kuma akwai huji a murfin tanki, duk wanda ya ce maka zai gyara shi, ka kore shi."

Basit ya yi dariya ya ce ya karɓa. Ya sa aka matsar da wata tsohuwar Marsandi aka ba Fijon wuri a ƙarƙashin rumfa. Maza suka wuce masallaci, ita ta hau trotro ta koma Maamobi, ta tsaya a hanya ta sayi ganyen dawa na dafa wake, don gobe ma rana ce.

Saddique ya manta bai sanar da masu ƙarfe ba. Ran Asabar da sassafe sai ga su su uku da baro da tukunyar gas, suka tsaya a tsakar gida suna waige-waige.

"Mma, ina motar?"

"Ta fita," ta ce. Ta ba su tsohon batir da matattun tayoyi huɗu don kada su koma hannu wofi, ta zuba musu wake da shinkafa suka ci a tsaye.

Magini ya zo ran Litinin ya ja igiya. Da suka sa diga sai suka tarar ƙasar wurin baƙa ƙirin ce har kusan kamu ɗaya, man shekara arba'in ya jiƙa ta. Magini ya ce siminti ba zai kama a kanta ba, sai an kwashe. Baro bakwai aka cika. Mas'uda ta tsaya a kansu har suka gama, ta hana su zubawa a kwata, don damina ta kusa kuma ruwan layin ta ƙofarta yake bi.